Falle Ɗaya Ma Tarihi Ne

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Jama'ar Kura da Bunkure da Garun Malam, mutanen Kadawa da Ciromawa da Karfi da Gafan, da duk wanda muryar nan ta iske a bakin kanal ko a rumfar kasuwa, barkanmu da warhaka. Na san hankalin yawancinmu yana kan ban-ruwa da farashin taki, amma yau ku ba ni aron hankalinku a kan tsofaffin takardu. Ba manyan littattafai masu bango nake nufi ba. Ƙananan nan nake nufi da ba a ɗauke su a bakin komai ba: waƙar da aka buga a falle ɗaya ko huɗu aka sayar kwabo ko sisi a ƙofar masallaci, da katin gidan waya mai hoto, da takardar da ake rubuta kiɗa a kanta.

A ɗakin karatu na Bodleian da ke Jami'ar Oxford a Ingila akwai waƙoƙin falle ɗaya sama da 30,000, wasu tun ƙarni na 16. A zamaninsu ba su da wata daraja. Mai talla ne ke yawo da su a titi yana rerawa, wanda ta yi wa daɗi ya miƙa kwabo ya karɓa, ya liƙa a bangon ɗaki, in ta tsufa a hura wuta da ita. Yau su masana tarihi ke bi in suna son jin abin da talakan Ingila ke faɗa game da tsadar abinci da yaƙi da masu mulki, domin manyan littattafai labarin manya suka fi bayarwa.

To mu ma muna da namu, kuma ba kaɗan ba.

Tun kafin injin buga littafi ya iso, malamai na rubuta waƙa da ajami a warwarar takarda, ɗalibi ya ara ya kwafa ya mayar. Ta haka waƙoƙin Shehu Usmanu da na Nana Asma'u suka zaga ƙasar nan. Wani Bature mai suna Charles Robinson ya zo Kano a ƙarshen 1894, ya tattara wasu waƙoƙin wa'azi na ajami, aka buga su a Cambridge a 1896 tare da hoton rubutun hannun yadda yake. Shekara 7 ke nan kafin Turawa su ci Kano a 1903. Daga baya Zariya ta zama cibiya. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan a shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa fitar da jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zazzau. A wannan zamani ne waƙoƙin Sa'adu Zungur da na Mu'azu Haɗeja suka fito a 'yan ƙananan littattafai masu araha, waɗanda ke shiga aljihun riga.

Wannan ɓangaren gwamnati ke nan, kuma an yi rubutu a kansa sosai. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Kasuwar Kurmi.

Ga yadda ake yi. Marubucin waƙa, ko wani attajiri mai neman lada, zai nemi mai kyakkyawan hannu ya zauna da alƙalamin kara da tawada ya rubuta waƙar tsaf, da irin rubutun da muka koya a makarantar allo. Sai a kai wa masu injin bugu irin su Oluseyi ko Northern Maktabat a nan Kano, su ɗauki hoton shafin su mayar da shi kan faranti, su buga ɗaruruwa ko dubbai. Me ya sa ba a yi amfani da baƙaƙen inji irin na littattafan Misira ba? Saboda mai saye ya fi sakin jiki da rubutun da idonsa ya saba da shi, kuma Hausa na buƙatar wasalinta cikakke, har da ɗigon yamala a ƙarƙashin harafi, in ba haka ba karatu ya rikice. Ta wannan hanya ce rubutun Sharu Bala na Gabari ya shiga gidaje da tsangayu ba iyaka. Inji ne ya buga, amma hannun mutum kake gani.

In akwai irin wannan takarda a gidanku, ɗauko ta bayan shirin nan ka dube ta da kyau. Za ka ga ta yi ja-ja saboda tsufa, ƙusar da aka ɗinke ta da ita ta yi tsatsa ta bar tabo a tsakiya. A sama bisimilla ce da salati. Sai baitoci, ƙwar biyu ko ƙwar biyar, kowane da amsa-amonsa. Kusa da ƙarshe marubucin yakan faɗi sunansa da garinsu da shehinsa, yakan ƙirga maka baitocin don kada wani ya ƙara ko ya rage, wani ma ya sa ramzi, wato ya ɓoye shekarar da ya yi waƙar a cikin haruffa. Sai tammat. Can ƙasa kuma, inda ba mai kai ido, a kan rubuta wanda ya biya kuɗin bugu, da rumfar da ake sayarwa, wani lokaci har da farashi. Wannan ɗan layi na ƙasa ya fi ƙarfin a raina shi. Shi ke gaya mana waɗanda suka kashe dukiyarsu a kan ilimi, da inda kasuwar littafi take, da abin da talaka ke iya biya a wancan lokaci.

Kuma ba begen Annabi da wa'azi kaɗai aka buga ba. Bayan an kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agustan 1950, waƙa ta zama makamin siyasa tsakaninta da NPC. Su Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu da Gambo Hawaja da Lawan Maiturare, waƙoƙinsu sun yi yawo a baki, sun yi yawo a takarda. A zamanin da kotunan En'e ke ɗaure mutane saboda NEPU, duk wanda ya ɓoye irin wannan takarda a ƙarƙashin tabarma ya san abin da ya taka. A shekarun 1970 kuma ƙungiyoyin marubuta irin su Hikima da Hausa Fasaha suka riƙa yi wa kowane sabon abu waƙa: komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, zuwan Naira da Kwabo a 1973, ƙidayar jama'a, ilimin firamare kyauta na 1976. A buga da tafireta, a karanta a rediyo. Mata ma ba a bar su a baya ba. Waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu sun fito a littafin Alƙalami a Hannun Mata a 1983. Amma abin da ya samu shiga littafi kaɗan ne ƙwarai. Littafin Fasaha Aƙiliya bai ɗauki ko kusa da yawan waƙoƙin Alhaji Aƙilu ba. Sauran fa? Suna warwatse a falle-falle, a hannun wanda ya ajiye.

To wa ya ajiye?

A Jami'ar Northwestern da ke kusa da Chicago a Amurka akwai ɗakin karatu na Herskovits. A can ne littattafan Malam Umaru Falke suke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962, takardu sama da 3,000. A can kuma akwai tarin da John Paden ya haɗa lokacin da yake bincike a Kano a shekarun 1960, kimanin guda 600, da yawansu irin waɗannan bugun kasuwa ne. An ba kowace takarda lamba, an rubuta sunan marubucinta, an sa ta a ɗaki mai sanyi. Gaskiya abin yana sosa mini rai cewa laburaren malamin Kano sukutum yana wata ƙasa, jikan almajirinsa ba zai gan shi ba sai da biza. Amma bugun kasuwar nan fa ba ƙwace shi aka yi ba. An saye shi ne a rumfa, a farashin da kowa ke saye. Irinsa dubbai sun shiga gidajenmu, mu muka bar wa gara, ko muka miƙa wa mai ƙosai ta yi ƙunshi. A nan gida ma akwai masu ƙoƙari: Gidan Ɗan Hausa, da laburaren Jami'ar Bayero, da Gidan Mambayya inda Malam Aminu Kano ya zauna, da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Sai dai abin da ke hannunsu ya fi karkata ga birane da manyan gidajen malanta. Na karkara yana nan cikin adakar kakanninmu.

(Gajeren kiɗa)

Sai katin gidan waya. Matasa da yawa ba su taɓa riƙe shi ba. Kati ne mai ɗan kauri, bai wuce tafin hannu da yawa ba, hoto a gaba, a baya kuma wurin adireshi da kan sarki da 'yan layukan gaisuwa, ba a sa shi a ambulan. Ƙasar Ostiriya ce ta fara fitar da shi a hukumance a 1869, amma a lokacin ba shi da hoto. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawan mulki da na kamfanoni da 'yan mishan suka riƙa aika wa danginsu katuna masu hoton garin: badala da ƙofofinta, Dutsen Dala, Kasuwar Kurmi, karofi, mahaya a hawan salla, daga baya kuma dalar gyaɗa. Gidan adana kayan fasahar Afirka na Smithsonian da ke Washington yana riƙe da dubban katunan ƙasashen Afirka irin waɗannan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da katunan nan shi ne rashin suna. Za ka ga dattijo tsaye a bakin karofi, hannunsa ya rine da baba har gwiwar hannu, amma a ƙarƙashin hoton ba sunansa, ba na unguwarsu. Mai kyamara ya zaɓi abin da zai burge mutanen ƙasarsu ne, ba abin da mu za mu so a tuna ba. Duk da haka ba na cewa a yar da su. Hoto yakan ɗauki abin da mai ɗaukarsa bai yi niyya ba: ɗinkin riga, tsayin ganuwa kafin ta zube, irin buhun da ake zuba gyaɗa.

Mutanen Kura, wannan ya shafe ku kai tsaye. Tun kafin a san Kura da shinkafa, da rini aka san ta. Turkuɗi da rawanin ɗan Kura, a rina a sake rinawa, a kai mabuga a yi ta bugu har ya riƙa ɗaukar ido, fatake su yi arewa da shi har cikin Sahara. Faransawa sun buga katuna masu yawa na Buzaye, fuska a naɗe da baƙin rawani mai ƙyalli. A ƙarƙashi an rubuta sunan ƙabila da na hamada. Ba wanda ya rubuta cewa ƙyallin nan, sau da yawa, daga hannun marina da mabugan Kura ya fito. Mu ne za mu iya ƙara wannan bayani, tun da sauran dattawan da suka yi sana'ar da hannunsu.

Dalar gyaɗa kuwa, wadda guda ɗaya kan ci buhu har 15,000, farin farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka yi mata illar da ba ta farfaɗo ba. Yaron yau a hoto kawai zai gan ta. A daidai wannan lokaci ne kuma ƙasarmu ta nan ta canja kama. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka tsara shayar da hekta 22,000 a kashin farko, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976 ta karɓi ragamar aikin. Aka baje gonaki, aka sare ɗorawa da kaɗanya, aka ja kanal, aka sake rabon filaye. Inda ake gero da dawa da gyaɗa aka koma alkama da tumatir da shinkafa. Rahotannin injiniyoyi na wannan aiki suna nan a ofisoshi, da taswira da lissafi. Amma yadda abin ya zo wa mai gona, wannan yana cikin ƙananan takardu ne: takardar rabon fili, rasiɗin kuɗin ruwa, 'yar takardar malaman gona da aka buga da Hausa a Samaru ta Zariya, kalandar ƙungiyar manoma, hoton kasuwar Kura ko ta Bunkure kafin ruwa ya zo. Duk mai waƙar da aka yi wa zuwan ruwa, ta yabo ce ko ta kuka, ko wadda aka yi a 2016 da tsutsa ta cinye tumatir, ya sani yana riƙe da shaidar da babu ita a rahoton kowace hukuma.

(Gajeren kiɗa)

Na uku shi ne rubutun kiɗa, kuma a nan ne lamarinmu ya bambanta da na Turawa. Su suna da alamomi da suke jerawa a kan layuka biyar, mai karatunsu ya duba ya san inda murya za ta hau da inda za ta sauka. Tun 1501 aka buga littafin irin wannan a Venice ta Italiya, kuma kafin zuwan faifai, wanda ke son sabuwar waƙa takardarta yake saye ya je gida ya kaɗa. A ƙasar nan 'yan badujala na soja da na 'yan sanda da mawaƙan coci ne suka fi aiki da shi. Tsohon taken ƙasa na 1978, wanda Benedict Odiase na badujalar 'yan sanda ya yi wa kiɗa, a irin wannan takarda yake.

Waƙar Hausa kuwa takarda kalmomi kawai take ɗauka. Masana za su auna maka ita da aruli su ce wannan Kamil ce, waccan Mutadarak, amma wannan bai gaya maka yadda ake jan muryar ba. Ɗauki Ishiriniya. Ba rumfar littattafai da ba ta da ita, amma ba wanda ya koyi rera ta daga shafi. A zauren Mauludi aka ji, kunne ya ɗauka. Ko Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990. Makaho ne, ya ɗora waƙarsa a kan karin kiɗan Caji da jama'a suka riga suka sani, don wa'azi ya shiga inda waƙar duniya ta saba shiga. Kamfanin Gaskiya ya buga kalmomin, amma makafi da almajirai ne suka riƙe muryar a bakin kasuwa da tasha. Haka Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi babban aiki wajen rubuta waƙoƙin makaɗan baka, amma kalangun Shata da kotson Narambaɗa a faifai da kaset suke, ba a shafi ba.

Saboda haka takardar waƙa da ba a san muryarta ba kamar kanal ne da ba a sako ruwa ba. Bature da ya ajiye takardar kiɗa ta shekara 300 zai iya ba wa makaɗi ya tashe ta yau. Mu in tsohuwar da ta san muryar ta rasu, shi ke nan, ko takardar na ɗakin sanyi a Amurka. Wannan rabin ba wani laburare na waje da zai iya ajiye mana shi, domin yana bakin Inna da Baba da Malam. Ɗana, 'yata, wayar da ke hannunka ta isa. Ka ɗauko takardar, ka zauna gaban wanda ya san ta, ka ce, “Baba, don Allah a rera mini yadda kuke rerawa.” Ka naɗa. Kafin ya fara, ya faɗi sunansa da garinsu da wurin wanda ya koya. In ya yi baiti biyu ya ce ya manta sauran, biyun ma ka riƙe su, da su za a gane karin.

Yanzu ga yadda za a kula da takardar kanta, domin yankinmu yana da matsalar da wasu ba su da ita. Inda ruwa ke gudu rani da damina, danshi ba ya barin ƙasa, ga tururin shinkafa a cikin gida, ga gara. Kada a ajiye akwatin takardu a daɓen ƙasa ko a jingine shi da bango. A ɗora shi kan wani abu. Kada a ƙulle takarda a leda, gumi take tarawa har fumfuna ta kama. A cire ƙusa ko allurar da ta yi tsatsa a hankali, a sa kowace takarda tsakanin farar takarda mai tsabta, a kwantar da ita ba tare da ninkewa ba. Mutanen da suna da tadarishi da gafaka, kuma dabara ce mai kyau har gobe. In hunturu ya shigo a fito da su su sha iska a inuwa, ba a rana ba. In ta yage a bar ta a yage: salatif yana cin takarda ya bar mata tabon da ba ya fita. Ina kuma roƙo da babbar murya, kada a kai tsohuwar takarda shagon kwamfuta a manne ta da roba mai zafi. Mutane na yi da kyakkyawar niyya, amma in an yi ba a iya warewa. Kada a yi rubutu a kanta da biro. A samu wata takarda daban a rubuta da fensir: ta wane ce, a ina ya samo ta, wace shekara.

A ɗauki hotonta da waya, gaba da baya. Bayan kati yakan fi gabansa amfani, don a nan hatimin gidan waya yake da kwanan wata da sunan gari. A tura hoton ga 'yan uwa biyu ko uku, saboda waya na faɗawa ruwa, katin ajiya na mutuwa. In takardar na ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, kuma ta lalace har ana shirin ƙona ta ko binne ta don girmamawa, a ɗauki hoton tukuna.

Wanda ya ga ba zai iya riƙewa ba, ko yana tsoron abin da magada za su yi, ya kai Gidan Ɗan Hausa ko laburaren Jami'ar Bayero. Ya nemi a rubuta masa takardar shaidar karɓa mai sa hannu da hatimi, a ambaci sunan mai ita na asali da garinsu, a kuma ba shi kwafi ya koma da shi gida. In wani ya zo saye, kada a yi gaggawa. A tara 'yan uwa a yi shawara, a ɗauki hoton kowane shafi kafin komai ya bar gidan. Shugabannin makarantu da limamai da shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, ku kuna da wurin taro da kabad mai makulli. A nan za a iya fara tattara hotunan na kowane gari.

Lokacinmu ya cika. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)